Sunan da Baba Bai Tambaya Ba

"Allah ya amsa mini a kan yaron nan," in ji Baba, yana shafa wa burodinsa bota, fuskar nan tasa fal da fara'a.

Na ajiye kofin shayina a hankali.

"Sabon Mutum kake nufi?" Mama ta ce. "Ai ni na riga ka, Fasto. Tun shekaranjiya na ji salama ta sauko mini a ƙirji, shiru kawai na yi in ga ko kai ma za ka ji."

Baba Fasto ne, kuma yana da wata doka tasa da kowa a cocinmu ya haddace. In saurayi ya zo ya ce ya ga yarinyar da yake so ya aura, kafin ya buɗe baki ya ambace ta Baba zai ɗaga hannu. "Riƙe sunan a cikinka," yakan ce. "In na ji suna, muryar zuciyata zan ji, in ɗauka ta Allah ce." Daga nan shi da Mama su shiga azumi da addu'a. In su biyun suka sami salama, sai a kira saurayi ya faɗi suna, Baba ya sa takalmi ya raka shi wurin iyayen yarinya. In ba su samu ba, sunan ya mutu a cikin mai shi, babu wanda ya ji kunya.

Aure da yawa aka ƙulla ta wannan hanya, kuma Baba yana alfahari da ita fiye da yadda ya kamata Fasto ya yi alfahari da wani abu.

Shi kuwa Sabon Mutum, a gidan yari Baba ya samo shi, can inda yake zuwa wa'azi. Tun yana matashi ya yi faɗa da abokinsa cikin maye, ya buga masa ƙarfe a ka, abokin bai ƙara tashi ba. Ya yi shekaru a ɗaure. A can ya karɓi Yesu, a can Baba ya yi masa baftisma, a can kuma ya koyi naɗin wayar fanka da injin ruwa. Da ya fito ba shi da kowa, Baba ya nema masa shago. Ba a yin wata guda bai tsayar da shi gaban jama'a ba yana cewa, "Ku dube shi, sabon mutum ne! Akwai abin da ya gagari Allah?" Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Babu!" Har sunan ya bi shi, aka manta nasa na yanka.

"Ban taɓa samun salama mai nauyin wannan ba," Baba ya ci gaba. "Ko 'yar waye, in ubanta ya ƙi, ba da ni zai yi faɗa ba, da Allah zai yi."

"Uwar yarinyar nan ta yi sa'a," in ji Mama. "Yaro mai ladabi, ga sana'a a hannu. In ta tsaya taurin kai a kan abin da ya wuce, ni da kaina zan je in zaunar da ita."

Ta juyo ta dube ni.

"Ke Auta, ba ki ce amin ba."

"Amin," na ce.

Ni kaɗai ce a teburin nan na san sunan. Kantin maganin da nake aiki yana kallon shagon Sabon Mutum, titi ne kawai a tsakani, kuma abin da ya fara da gyaran fankar kantinmu ya kai inda ya kai. Na roƙe shi ya bar ni in fara shirya Mama a asirce, ya ƙi. Ya ce ta ƙofar da kowa yake bi zai bi, in Allah bai ba su salama ba, mu haƙura. Na yarda. Abin da ban shirya masa ba shi ne Allah ya ce i, ni kuma tsoro ya kama ni haka.

Da la'asar Sabon Mutum ya zo, sanye da farar rigarsa ta zuwa coci da ta sha guga. Baba ya nuna masa kujera, ya zame ya zauna a ƙasa kamar kullum. Ni ina kicin, faranti ɗaya nake ta wankewa tun shigowarsa.

"To ɗana, Ubangiji ya buɗe hanya," na ji Baba yana cewa. "Na yi alkawari a gabansa zan tsaya maka a matsayin uba, ga kuma mamarka ita ma ta shaida. Yanzu sai ka faɗi sunan."

Ya yi gyaran murya.

"Kai, yau kuma kunya?" Mama ta yi dariya. "Faɗi mana, in san irin zanen da zan ɗaura."

"Baba," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Auta ce."

"Autar gidan wa?"

"Ta gidan nan, Baba."

Ƙarar fankar falo kaɗai nake ji, wadda shi ya naɗa mata waya da hannunsa. Na leƙa ta gefen labule. Bakin Baba a buɗe yake, murmushin bai gama barin fuskarsa ba, amma idanunsa sun zama na wani mutum dabam.

"Wayyo Allah na!" Mama ta dafe ƙirji ta miƙe tsaye. "Yesu! Me kunnena ya ji?"

"Mama, ki gafarce ni, ni dai..."

"Kada ka ƙara ce mini Mama!"

Baba ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Mutumin da yake iya yin magana tun safe har rana ta take ba tare da ya kurɓi ruwa ba, yau kalma ta gagare shi. Da ƙyar ya ce, "Tashi ka tafi. Zan neme ka."

Ko ƙofa bai gama rufewa ba Mama ta faɗo kicin, ta finciko hannuna da kumfar sabulu da komai, ta ja ni ɗakinta.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Mama."

"An daɗe! Kina zaune a teburina da safe, kina kallona ina zuba kamar kanya, kika bar ni? Ni kika mayar abar dariya?"

"Wallahi ba haka ba ne. Dokar Baba muka bi."

"Rufe mini baki da dokar Baba! Auta, kin san abin da hannun nan ya yi? Mutum ya kashe! Ɗan wata mace kamata, da ta yi naƙuda kamar yadda na yi taki. Ranar da kika ƙona masa abinci fa? Ranar da kika mayar masa da magana, ke da bakinki ba ya shiru? A makara za a kawo mini ke?"

Hawaye suka ɓalle mini. Na durƙusa na kama ƙafarta.

"Mama, ke kika ce kin ji salama. Ke kika ce uwar yarinyar ta yi sa'a."

"'Yar wani na ce! Ban ce 'yata ba!"

Maganar tana fita ta toshe bakinta da hannu. Muka tsaya muna kallon juna, ita ta tsorata da abin da ta faɗa, ni na tsorata da na ji shi daga bakinta. Sai ta zube a bakin gado ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba tun rasuwar kakata.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Daga yau ba ke ba shi. Ba magana, ba waya, ba aike, sai ranar da na ce. Kin ji ni?"

Na so in yi ihu. Na so in tambaye shi ina amsar da Allah ya ba shi da safe, ko ta narke ne a cikin shayi. Amma tun ina ƙarama aka koya mini cewa girmama iyaye ba sai ranar da suka yi mini daidai ba. Na haɗiye abin da ya taso mini, ya wuce da ɗaci.

"Na ji, Baba."

Zance ba ya kwana a gidan Fasto. Washegari da sassafe sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta shigo ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

"Na faɗa maka, ban faɗa maka ba?" ta nuna shi da yatsa. "Ka ɗauko maciji ka sa a aljihu kana ta hallelujah. Ga shi nan. Hali zanen dutse ne, ƙanena, ruwan baftisma ba ya goge shi."

"Yaya, ki yi a hankali da maganar nan," Baba ya ce, amma babu ƙarfi a muryarsa.

"Ni za ka yi wa wa'azi? Ni na goya ka. Ga yaro ɗan mutunci yana ta zarya a kan yarinyar nan, tana yi masa yanga kamar ita kaɗai ce mace a duniya."

Ɗan mutuncin nata shi ne ɗan babban dattijon cocinmu, ma'aikacin banki. Ni Mai Turare nake ce masa, domin ƙamshinsa yakan riga shi shigowa, in ya tafi kuma ya bar shi ya kwana. Ya daɗe yana nemana, na daɗe ina ce masa a'a cikin ladabi, shi kuma yana jin ta kamar "sai an jima". A yammacin ranar ya zo ya zauna a kujerar da Sabon Mutum ya ƙi hawa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Na ji abin da ya faru," ya ce. "Ban riƙe ki ba. Tausayi ne ya ruɗe ki, ku mata haka kuke."

"Ban nemi ka yafe mini ba, ai ban yi maka laifi ba."

"Auta, ni ban taɓa kwana ko a ofishin 'yan sanda ba."

"Allah ya ƙara kiyaye ka."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Zan nuna miki ko wane ne shi. Ke da Fasto duka."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba, kuma na yi kuskure.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Ina tsaye a bayan teburin kanti ina ba mutane maganin tari da na zazzaɓi, idona yana kan gilashin taga. Ashe Baba ya aika wa Sabon Mutum da irin umarnin da ya ba ni. Me ya yi? Sai ya juya teburin aikinsa, ya ba titi baya, don kada idonsa ya yi abin da aka hana bakinsa. Ƙeyarsa kawai nake gani, da kafaɗunsa suna motsi yana naɗa jan waya a cikin ƙarfen fanka. Na ji haushinsa, na kuma ƙara son sa, duk a lokaci guda.

Ran Lahadi ya zauna a bencin ƙarshe. Baba ya hau mumbari ya yi wa'azi sama-sama, har ya zo inda ya saba, ya ɗaga murya ya ce, "Akwai abin da ya gagari..." sai ya tsaya. Jama'a suna jira su amsa. Ya dubi Mama, ya dubi ƙasa, ya ce a tashi a yi waƙa.

Ranar da abin ya faru, rana ta take, titi cike da mutane. Na ga motar Mai Turare ta tsaya a ƙofar shagon. Na fito na tsaya a bakin kantinmu, ban tsallaka ba.

"Kai mai kisan kai!" Da gangan ya ɗaga murya don masu shaguna su ji. "Da kai nake. Juyo ka dube ni."

Sabon Mutum ya juyo. "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Lafiya?"

"Wane ne ɗan'uwanka? Wanda ka kira ɗan'uwa na ƙarshe yana ina yanzu?"

"Yana inda na kai shi," ya amsa a hankali. "Ban taɓa musu ba. Don Allah ka tafi."

Mai Turare ya sa ƙafa ya ture injin ruwan da yake kan benci, ya faɗi, wayar da aka wuni ana naɗawa ta warware a ƙasa. Mutane suka fara taruwa. Sabon Mutum ya sunkuya zai ɗauka.

"Uwar yaron can tana kuka har yau, kai kana nan kana guga riga za ka yi aure. Gaya mini, ita 'yar Faston da me za ka buga mata? Da wannan?" Ya shuri gudumar da take ƙasa zuwa gabansa. Sannan ya tofa masa yawu a fuska.

Ban ga lokacin da Sabon Mutum ya tashi ba. Na dai ga Mai Turare manne da bango, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, hannun hagu ya shaƙe masa wuyan riga. Hannun dama kuwa yana sama, da gudumar a ciki.

Na ga fuskarsa. Ban san ta ba. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, babu ko ɗigon mutumin da yake zama a ƙasa a falonmu. Tsoro ne ya kama ni, tsoronsa shi kansa, kuma ba zan yi ƙarya in ce wani abu ne dabam ba.

Babu wanda ya matsa kusa. Gudumar tana rawa a sama.

Sai yatsunsa suka buɗe. Ta faɗi ta bayansa ta daki siminti. Ya saki rigar, Mai Turare ya sulale ƙasa yana tari.

"Kun gani?" yake cewa yana haki, yana nuni da hannu. "Fasto, ka gani da idonka?"

Sai a lokacin na lura da Baba. Yana tsaye a gefen taron, jakarsa a hammata, fuskarsa ta yi fari fat. Daga baya na ji Mai Turare ne ya kira shi a waya ya ce su haɗu a nan, akwai magana.

Sabon Mutum ya dubi hannuwansa kamar na aro ne. Ya tako ya zube a gaban Baba, a kan titi, gaban kowa.

"Baba, ka gani," ya ce, hawaye suna bin yawun da bai goge ba. "Na ɗauka tsohon mutumin nan ya mutu. Wallahi na ɗauka ya mutu, ashe yana nan a cikina yana jira. Kada ka ba ni ita. Na sake ka daga alkawarin da ka yi mini, ka yafe ni."

Na jira Baba ya ɗaga shi. Na jira ya ce wani abu irin na mumbari. Ya ɗora masa hannu a ka, da sauri kamar mai taɓa tukunya a wuta, ya ce, "Allah ya taimake ka, ɗana." Sannan ya tsallako ya kama hannuna ya tsayar da tasi.

Mun tarar da Mama tana guga a falo. Baba ya zube a kujera ya kwashe labari ya gaya mata, tun daga yawun har durƙuson. Da ya gama ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Shi da bakinsa ya sake ni," ya ce. "Allah ya fid da mu kunya, Maman yara. Magana ta ƙare."

Na dubi mahaifina, na kasa gaskata kunnena. Sauƙi ne a fuskarsa ƙarara, ko ɓoyewa bai yi ba.

Mama ba ta ɗago ba. Ta kai dutsen guga ta komo a kan rigar Baba.

"Ya ɗaga gudumar?"

"Ya ɗaga."

"Ya buga?"

"Bai buga ba."

"Wa ya riƙe masa hannu?"

"Babu kowa. Kowa tsoro yake ji."

Ta kashe dutsen, ta jingine shi.

"To kai ya sake ka," ta ce. "Ni wa ya sake ni?"

"Ban gane ba."

"Fasto, tun ranar da yaron nan ya faɗi sunan nake roƙon Allah ya ɗauke salamar da ya ba ni. Na ce masa kuskure na yi, ban ji daidai ba, yunwar azumi ce. Ina kuka, tana nan. Ina faɗa da Auta, tana nan. Na kwanta da ita, na tashi da ita, ta zauna mini a ƙirji ta ƙi motsi. Yanzu da kake ba ni labarin gudumar nan, na ce to, yau kam za ta tafi." Muryarta ta karye. "Ba ta tafi ba."

"Maman yara, ba ki ga fuskarsa ba. Ni na gani. 'Yarmu ce fa."

"Na san 'yarmu ce, ni na haife ta! Kana tsammani Allah bai san sunan ba lokacin da ya amsa mana? Mu ne ba mu sani ba. Shekara da shekaru ina zaune a bencin gaba, kana tambaya ina amsa maka da babu. In ƙarya muke yi wa mutanen nan, ka gaya mini yau in daina zuwa."

Idanun Baba suka ciko.

"Ina tsoro," ya ce, kamar ƙaramin yaro.

"Na fi ka," in ji Mama. Ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki jakarta. "Ka hana ta zuwa wurinsa, ta yi maka biyayya. Yanzu ina roƙonka, ka bar ta ta raka ni."

Ya rufe fuskarsa da tafin hannu biyu. Can ya gyaɗa kai.

A cikin tasi ba ta dube ni ba, titi take kallo.

"Kin ga fuskar tasa?"

"Na gani, Mama."

"Kin ji tsoro?"

"Na ji. Har yanzu jikina rawa yake."

"To ki saurare ni. Salamata tawa ce, ba ni zan zauna da shi ba. In kin fasa, ki faɗa yanzu in ce direba ya juya, babu mai ganin laifinki, ni kuma in ji da Ubangijina."

Na rufe ido. Fuskar nan ta dawo mini, ja, baƙuwa. Na ce a zuciyata, ya Yesu, ban iya ganin gobe ba, kai kake gani. Ban ji wata murya ba, tsoron ma bai ragu ba. Amma na san amsata.

"Kada ya juya," na ce.

Mun same shi yana zuba kayan aikinsa a buhu, filaya da sukudireba da ragowar waya. Ya riga ya sauke allon shagon ya jingine a bango. Da ya ga Mama sai buhun ya suɓuce masa.

"Ina za ka?" ta ce.

"Inda ba a san ni ba, ranki ya daɗe."

"Can ɗin babu mutanen da za su ɓata maka rai? Ko a nan za ka bar zuciyar taka ka tafi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Miƙo hannuwanka."

Ya ɗago a firgice, ya dube ni, ya dube ta. Ya ɓoye su a bayansa.

"Don Allah, kada ki taɓa su. Ni kaina tsoronsu nake ji."

"Na ce ka miƙo."

Ya miƙo su, baƙi ƙirin da mai, duk yankan waya. Na ga Mama ta ja numfashi. Hannunta ya tafi, ya tsaya a hanya, sannan ta kama su gam. Maƙwabtan shago suka leƙo kallo.

"Ya Ubangiji," ta ce da ƙarfi, hawaye suna zuba, "ka san ban yarda da hannuwan nan ba. Ban yarda da su ba ko kaɗan. Da kai na yarda. Kai ka riƙe su ɗazu da babu wanda ya iya, kai za ka riƙe su gobe da jibi, a ɗakin da ba na nan. Ka ce in bayar, ga shi na bayar. Abin da ya fi mini komai a duniya ne, kada ka manta. A cikin sunan Yesu."

Amin ɗina a cikin kuka ya fita. Shi ko amin ɗin bai iya ba, ya durƙushe yana sheshsheƙa, hannuwansa har yanzu a cikin nata.

"Mama, in na sake..."

"In ka ji yana tasowa, ka fita ka bar gidan, ka zo ka buga mini ƙofa ko ƙarfe nawa ne. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka mayar da allon nan inda yake. Gobe ka zo gida, Fasto zai tsaya maka ko da kuka ne." Ta saki hannuwansa, ta share fuska da bakin zanenta. "Kuma kada ka ɗauka daɗi nake ji. Biyayya nake yi."

Ta juya ta fita da ƙarfinta, kai a sama, ta ratsa 'yan kallo ba ta dubi kowa ba. Na bi ta da gudu. Sai da muka sha kwana, inda babu mai ganinmu, ta tsaya ta dafa bango.

"Auta," ta ce, "riƙe ni. Ƙafafuna sun ƙi ɗaukata."